Na Sauke Alli Na Sa Yara Aiki: Yadda Nake Shirya 'Yan Aji Shida a Ingilishi

Kuskure 20 kacal ne tsakanin yaro da maki 10. Haka lissafin yake a insha'in WAEC. Cikin maki 50 da aka ware wa insha'i, 10 na abin da ka faɗa ne, 10 na yadda ka tsara shi, 20 na iya sarrafa harshe, sauran 10 kuma na tsabtar rubutu: nahawu, sifelin, aya, waƙafi, babban baƙi. A wannan goma ta ƙarshe, duk inda mai duba takarda ya zagaye kuskure da jan biro, rabin maki ya tafi. Ranar da na fara zama da takardun 'yan ajina na auna su da wannan mudu, yawancinsu ban kai ƙarshen sakin layi na biyu ba goman ta ƙare ƙaf. Na ajiye biron na yi tagumi. Yaran nan fa littattafansu cike suke maƙil da rubutun da na yi shekara uku ina zuba musu a allo. Ka tayar da kowannensu daga barci ka ce ya kawo ma'anar *noun*, zai rero maka ita tiryan-tiryan. Amma ka ce ya rubuta wa yayansa layi biyar yana neman kuɗin rajista, sai hannu ya hau rawa.

Laifin nawa ne. Labarin Turanci na yi ta ba su, Turancin kansa ban taɓa miƙa musu sun riƙe ba. Babu telan da ke zaunar da yaron shagonsa ya yi ta rubuta sunayen sassan keke. Ƙyalle yake miƙa masa ya ɓata, gobe ya sake ɓata wani, har hannu ya faɗa. Abin da zan zayyana a nan shi ne irin ƙyallayen da nake miƙa wa yarana a wata makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo a bayan birnin Kano, inda ajin da nake riƙe da shi bana ke da ɗalibai 84, ga fanka ɗaya da ba ta taɓa juyawa a gabana ba. Ina yi ne domin sababbin malamai, musamman 'yan bautar ƙasa da akan jefa cikin aji shida ba tare da an ce musu ga gabas ba.

Kafin komai, Malam, ka san takardar da za a ajiye a gaban yaronka. Ingilishin WAEC kashi uku ne. Takarda ta ɗaya tambayoyin zaɓi ce guda 80 cikin awa ɗaya, maki 40. Ta biyu awa biyu ce, maki 100: insha'i 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Ta uku ta furuci ce, tambaya 60 cikin minti 45, maki 30. NECO ma tafiyarta kusan ɗaya ce da wannan. Na kawo alƙaluman ne saboda duk wasan da zan sa yara su yi, sai na tambayi kaina wane maki yake nema a cikin waɗannan. In ban samu amsa ba, na bar shi, komai daɗinsa. Na ga malaman da suka ji an ce a koyar ta hanyar aiki, suka mayar da aji dandali, ana tafi ana shewa, sakamako ya fito F9 ta yi layi. Yaro C6 yake nema aƙalla, domin ba kiredit a Ingilishi, ba jami'a.

Kasuwanni goma a aji ɗaya

Benci biyu nake juyawa su fuskanci juna, a samu rukuni na mutum takwas ko tara. Rukuni goma ke nan. Kowanne na ba shi sunan wata kasuwar Kano: Kurmi, Kantin Kwari, Singa, Dawanau, Sabon Gari, Rimi, 'Yankaba, 'Yanlemo, Ƙofar Wambai, Ƙofar Ruwa. Da farko don nishaɗi na yi, daga baya na ga ashe na tsinci dami a kala. Takarda ta ɗaya tana tambayar kalmomin sana'o'i, na noma da gini da kuɗi da kiwo da sauransu. Sai na ɗora wa kowace kasuwa nauyin kalmomin hajarta. 'Yan Dawanau su kawo na hatsi da noma, 'yan Kwari na yadi da saƙa, 'yan Ƙofar Ruwa na kayan gini, 'yan Singa na saye da sayarwa da bashi da riba. Kowace Litinin kasuwa ɗaya za ta baje kolinta na minti 10: kalma 12 a jikin kwali, kowacce cikin jimla, saura su yi ciniki da tambaya. Wani yaro da ubansa birkila ne, wanda bai taɓa ɗaga hannu a ajina ba, shi ya koya wa mutum 83 bambancin *lintel* da *scaffold*, har da zane a allo. Tun daga ranar ya daina zama a bayan aji.

Kada ka bar yara su zaɓi abokan zamansu. Kai za ka raba, ka sa mai ƙoƙari ɗaya ko biyu a kowane rukuni. Sai dai ka sani, mai ƙoƙarin nan shi ne babbar matsalarka, domin zai karɓe biro ya yi aikin duka, saura su zuba masa ido. Maganin da na samu shi ne lamba. Kowa a rukuni yana da lamba daga 1 zuwa 8 ko 9. In an gama aiki ba na cewa wa zai amsa, sai in ce, "Masu lamba 5, ku miƙe." Tunda ba wanda ya san lambar da za ta fito, dole gwanin ya tabbata kowa ya gane, in ba haka ba kasuwarsu ta faɗi.

Sannan batun Hausa a aji. Ni ba na cin tarar yaro don ya yi yarensa, kuma ina ganin wannan al'ada ta karɓar naira 20 ko 50 a hannun wanda ya yi Hausa ba abin da ta haifar sai yara masu shiru da harshe biyu. Ƙa'idata ita ce: minti uku na farko ku tattauna da duk harshen da kuka ga dama, amma abin da zai hau takarda da abin da za a faɗa a tsaye, da Turanci ne. Za ka ga nan gaba yadda Hausar ma take zame mini tsani.

Gwanjon jimloli

Wannan shi ne aikin da ya fi yi mini amfani, kuma ba ya cin ko sisi. Daga rubutun yaran na makon jiya nake tsamo jimla 10, ban faɗi mai ita ba. Shida masu kuskure, huɗu lafiyayyu. In rubuta su a allo, in ba kowace kasuwa jarin naira 1,000 na baki, monita yana riƙe da lissafi a gefen allo. Minti biyar su yi shawara, sannan in buɗe gwanjo.

"Jimla ta uku, nawa kuka taya?"

"Ɗari biyu, Malam!"

"Albarka."

"Ɗari uku da hamsin!"

"Na sallama wa Kwari."

Wanda ya sayi lafiyayyar jimla ya ci riba. Wanda ya sayi ruɓaɓɓiya kuɗinsa ya nutse, sai fa in ya iya gyara ta nan take, a mayar masa da rabi. Ka zo ka ga yaran da ba sa iya minti biyu suna sauraron darasin nahawu suna jayayya har da jijiyar wuya a kan ko *informations* kalma ce.

Abin da gwanjon ya koya mini ni kaina shi ne yawancin kurakuran ba na rashin ƙwaƙwalwa ba ne, Hausa ce sanye da rigar Turanci. Yaro ya rubuta *borrow me your biro* domin a wurinmu "ara" ɗaya ce, ko kai ke bayarwa ko kai ke karɓa, Bature kuwa ya raba *lend* da *borrow*. Ya rubuta *I drank the medicine* alhali ƙwaya ya haɗiya, domin mu shan magani muke yi. *I am hearing smell*, na ji wari ke nan. *I am coming* yana fita daga ɗaki, wato ina zuwa. Mota kuma *she*, tunda mace ce a Hausa. In na tsaya na ce, "To, ku mayar mini da jimlar nan Hausa," sai aji ya fashe da dariya, domin sun ga inda ta fito. Kuskuren da yaro ya gano asalinsa da kansa, da wuya ya sake shi sau uku. Wanda ka ja wa jan layi kawai, zai sake shi har ranar jarrabawa.

Kowane ɗalibi yana da shafi biyu a bayan littafinsa da muke kira shafin bashi. Nan yake rubuta kurakuransa biyar da suka fi dawowa. Kafin ya miƙo mini kowane insha'i, sai ya bi rubutun yana farautar waɗannan biyar ɗin kawai. Ba na cewa ya nemi duk kuskure, ba zai iya ba. Biyar dai.

Takardar furuci, wadda ba a buɗe baki a cikinta

Abin mamakin takarda ta uku a Nijeriya shi ne sunanta na furuci ne, amma da fensir ake amsa ta. Za a ba yaro kalma an ja layi a ƙarƙashin wani harafi, ya zaɓi wadda ke da irin wannan sauti. Sai malamai da yawa suka ɗauka ai haddar alamomin sauti ce, su cika allo da su 44. Amma yaron da bai taɓa jin bambancin *ship* da *sheep* a kunnensa ba, alama ba za ta cece shi ba.

Ta Hausa nake shiga. In rubuta "gari" a allo in ce a karanta. Wasu su ce gari na mutane, wasu su ce gari na tuwo. In ce to me ya raba su? Jan wasali. Shi ke nan, kun riga kun san dogon wasali da gajere tun kuna goye, saura ku ji shi a *full* da *fool*, a *sit* da *seat*. Sai in manna kwali biyu a bango, na dogon wasali gabas na gajere yamma, in kira kalma, masu lamba 2 su nufi bangon da suke ganin nata ne. Da *key* da *people* da *police* duk bango ɗaya suke zuwa, ko da yake rubutunsu bai yi kama ba. *Women* da *busy* kuma su bi *sit*. Nan yaro ke gane cewa a Turanci ido maƙaryaci ne, kunne ake bi.

Sai tsohuwar rigimarmu da *p* da *f*. Tamu "f" da leɓɓa biyu muke yin ta, shi ya sa *pan* da *fan* suke zame mana abu ɗaya. Kowa ya yago 'yar takarda ya riƙe gaban bakinsa. In ka ce *pan* daidai, iska za ta fashe ta bugi takardar. In za ka ce *fan*, haƙoran sama su sauka a kan leɓen ƙasa. Abokin zamanka shi ne madubinka: ya ga haƙori ko bai gani ba? Haka *vote* da *boat*. Na *think* da *sink* kuwa sai an ga kan harshe a waje, kuma nan ne 'yan mata ke rufe fuska da hijabi suna dariya. Ka bar su su yi dariyarsu, za su yi daga baya. Ranar da wani ya tashi zai ce yana son kofi ya ce *copy*, ajin da kansa ya gyara masa, ban ce uffan ba.

Haruffan da ba a furtawa muna kiransu 'yan rakiya: *b* a *plumber* da *debt*, *t* a *listen*, *w* a *sword*, *p* a *receipt*. Akwai kwali a bango da duk wanda ya kamo sabon ɗan rakiya zai je ya ƙara, da sunan kasuwarsu a gefe.

Inda na fi jin daɗi shi ne wurin nauyin gaɓa. In rubuta "kuka", in ce wanne ne, na miya ko na hawaye? Murya ce ke rabawa. To haka *EXport* da *exPORT*, na farko suna, na biyu aikatau. Muna buga benci a gaɓar da ke da nauyi, har su gano da kansu cewa kalmar da ta ƙare da *-tion* ko *-ic* ko *-ity*, nauyinta na kan gaɓar da ke gab da wannan ƙarshen. Akwai kuma tambayar da ke kayar da yara a banza, inda za a rubuta jimla da kalma ɗaya cikin manyan baƙaƙe, kamar *MOTHER bought rice yesterday*, a ce wace tambaya ce wannan ke amsawa. Sai in ce su faɗa da Hausa. "Inna CE ta sayi shinkafa jiya." In an ɗora nauyin a kan *RICE* fa? "Shinkafa CE Inna ta saya." Abin da muke yi da "ne" da "ce" da jawo kalma gaba, shi Bature ke yi da ƙarfin murya. Kuma yaushe mutum ke cewa Inna CE ta saya? Sai in wani ya ce Baba ne. Saboda haka amsar ita ce tambayar da ta saɓa wa kalmar mai manyan baƙaƙe, wadda ta sa *Father* a gurbin *Mother*. Darasi ɗaya ya ishi wannan, kuma maki ne na tsintuwa.

Taƙaitawa: kowace kalma da kuɗinta

Maki 30 ne a nan, kuma nan yaranmu suka fi zubar da su. Dalili ɗaya ne: tsoro. Yaro ya ga inda amsa take, amma bai yarda da Turancinsa ba, sai ya kwashe jimlar marubucin ɗungurungum, da misalanta da kwalliyarta, ya juye. Masu dubawa kuwa suna hukunta kwashe, suna hukunta cusa abin da ba a tambaya ba, kuma in aka ce a amsa cikin jimla aka kawo guntun zance, maki na raguwa.

Ga yadda nake yi. In raba nassi ɗaya ga kowane mutum biyu, su karanta sau biyu. Sai su ɗauki fensir su soke duk abin da ya biyo bayan *for example* da *such as* da *for instance*, da duk maimaici, da duk ado. Abin da ya rage shi ne ƙashin. Daga nan sai in bi in karɓe takardun. Nan ake kuka. "Malam, ba mu gama ba!" Na sani. Da gangan ne. Wanda ba takarda a gabansa ba shi da abin kwashewa, dole ya nemo kalmarsa.

Sannan in sa farashi: kowace kalma naira 10, kowace jimla kada ta wuce naira 150. Kasuwar da ta kawo ma'ana cikakkiya da kuɗi mafi ƙanƙanta ita ta ci. Amma jimla sai ta tsaya da ƙafarta, da mai aiki da aikatau. Wani rukuni ya taɓa kawo mini *Bad roads* suna murna sun kashe naira 20. Na ce wannan ba jimla ba ce, kai ne ba gangar jiki. Suka koma suka dawo da *Bad roads cause accidents*. Naira 40, maki cikakke.

Wani lokacin nakan fara da labaran rediyo na safe. Duk gidan da ake kama tashar Hausa yaro ya san bambancin kanun labarai da cikakken rahoto. In ce wani ya ba mu labarin da ya ji da Hausa, saura su ba ni kanunsa da Turanci cikin jimla ɗaya. Minti biyar ne, amma yana saita kai.

A auna fahimta, tambayar da ke firgita su ita ce ta sunan yankin jimla a nahawu da aikinsa. Jimla mai ƙafa muke yi. Kowace kalma a kwali, yara su riƙe su jeru a gaban aji. Waɗanda ke cikin yankin da ake tambaya su saƙala hannu. Sai in ɗauko yaro ɗaya mai riƙe da *it* in ce masu saƙale da hannu su koma gefe, shi ya tsaya a gurbinsu. In jimla ta zauna, yankin aikin suna yake yi. In *then* ko *there* ne ya zauna, bayanau ne na lokaci ko na wuri. Haka ma tambayar musanya kalma: wanda zai shiga gurbi sai ya zo da irin rigar wanda ya fita. In mai fita *walked* ne, *stroll* ba zai shiga ba sai ya sa *-ed* ɗinsa.

Insha'i

Tambaya biyar ake bayarwa a zaɓi ɗaya, kalma wajen 450, minti 50 ake so a kashe. Yawancin yarana ba su san yadda 450 take a ido ba. Saboda haka aikin farko shi ne kowa ya ƙirga kalmomin layi biyar na rubutun hannunsa, ya raba, ya san layi nawa zai cika. Mai kalma takwas a layi yana buƙatar layi 56 ko sama da haka. Daga ranar ba mai sake ɓata minti biyar yana ƙirga kalma a ɗakin jarrabawa.

Wasiƙa kuwa yanka ta nake yi. In rubuta ta hukuma ɗaya da ta zumunci ɗaya, in yayyanka su da almakashi, in cakuɗa a ambulan ɗaya, kowace kasuwa ta ware ta jera. Da hannunsu za su gano cewa ta hukuma adireshi biyu gare ta, da kanu, da *Yours faithfully*, da sa hannu da cikakken suna, ta zumunci kuwa adireshi ɗaya da sunan fari kawai. Bayan nan sai wasiƙar gaske. 'Yan aji shida A su rubuta wa 'yan B, a kai, a kawo amsa. Mun taɓa rubuta wa shugaban makaranta a kan famfon da ya lalace, aka zaɓi mafi kyau aka kai masa. Ba a gyara famfon a zangon ba, amma ya shigo aji da kansa da wasiƙar a hannu ya amsa, kuma yarinyar da ta rubuta ta har yau tana da kwafinta.

Ga mai rauni ina ba da shawarar wasiƙa ko muhawara, domin suna da turaku da zai kama. Labari yana da daɗi amma tarko ne: da *was* ake farawa, kafin layi goma an koma *is*. In za mu yi labari, da'ira muke yi, kowa ya ƙara jimla ɗaya, wanda ya saki shuɗaɗɗen lokaci ya fita.

Za ka ce wa zai duba insha'i 84 duk mako? Ba ni ba. Kasuwa biyu nake dubawa da kaina kowane mako, bi da bi. Saura su yi musaya, kowa ya duba na abokinsa da fensir a kan abu uku kawai da na rubuta a allo ranar. Ba ya kai duban malami, amma ya fi a tara littattafai a ofis ƙura ta rufe su.

Abin da zai same ka

Hayaniya. Makon da na fara gwanjo, shugaban makarantarmu na lokacin ya faɗo ajin da bulala a hannu, ya ɗauka ba malami. Ya same ni a tsakiya ina cewa albarka. Bai ce komai ba a gaban yara, amma na sha faɗa a ofis, kuma da masu duba makarantu suka zo, abin da suka fara nema shi ne littattafan yara, su ga ko akwai rubutu. Daga nan na koyi abu biyu. Na farko, ka sanar da shugabanka da malamin ajin da ke maƙwabtaka da kai tun kafin ka fara. Na biyu, minti bakwai na ƙarshen kowane darasi na rubutu ne: abin da muka gano yau, cikin layi biyar ko shida, yara su faɗa ni in rubuta. Da mai duba makaranta da uban da ke buɗe littafin ɗansa da dare, kowa ya samu abin gani. Alamar shiru kuma cokali ne da farantin silba. Bugu ɗaya, kowa ya tsaya.

Kada ka raba alewa. Na gwada, aka koma rigima a kan alewa aka manta da Turanci. Maki a jikin kwali ya isa. Kada kuma ka haɗa gasar maza da mata. Na yi sau ɗaya, mazan suka yi ta ihu, matan suka ɗinke bakinsu har aka tashi. In azumi ya faɗo cikin zango na biyu kamar 'yan shekarun nan, ko zafin Afrilu ya sauko, ayyukan tsalle da guje-guje su koma darasin safe, na rana a bar wa karatu da fensir.

In da hali ka fara tun aji biyar. A Kano a ajin ne ake yin jarrabawar share fage da yara ke kira kwalifayin, kuma wanda ya saba da aikin rukuni tun lokacin, aji shida gyaran fuska kawai yake buƙata. Wanda ya fara a watan Maris na aji shida, to, ba a fafe gora ranar tafiya, amma ko gwanjo da taƙaitawa kaɗai ya riƙe zai ga bambanci.

Daga Janairu nake shigo da agogo. Tambaya 80 a minti 60 daƙiƙa 45 ke nan kowacce, haka ma 60 a minti 45. JAMB ta fi matsi: tambaya 180 cikin awa biyu, 60 daga ciki na Ingilishi, wato daƙiƙa 40, kuma a kwamfuta. Duk Juma'a muna ɗaukar tambaya 20 daga na shekarun baya, ina buga faranti duk bayan daƙiƙa 45, ko ka gama ko ba ka gama ba ka wuce. Makon farko ana rantsuwa ba zai yiwu ba. Zuwa mako na biyar wasu na jiran farantin. Bayan an gama ba na karanta amsoshi. Kowace kasuwa ta ɗauki tambaya biyu ta gaya mana dalilin da ya sa sauran zaɓin uku ba su yi ba.

Da yake fiye da rabin ajina ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba, na sa an zana allon madannai a bayan kwalin taliya, girmansa na gaske, kowane benci ɗaya. A, B, C, D na zaɓi, N na gaba, P na baya, S na miƙa aiki. Ina karanta tambaya suna dannawa a kwali. Ranar Asabar biyu kafin JAMB nake karo-karo da iyaye mu kai su shagon kwamfuta na bakin titi, mutum huɗu a na'ura ɗaya, kowa ya samu minti 15 ya taɓa ta gaske. Harafin S ɗin nan na sa an zagaye shi da ja a kowane kwali, domin wata shekara wani yarona ya danna shi tun bai kai rabi ba, ya tabbatar, ya fito yana tambayata ko za a bar shi ya koma.